Kayan ɗaki masu farin fenti: wane katako da wane fenti suka dace?

Abban Amarya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana sana'ar kafinta a kan wani aiki da nake shirin bayarwa. Za mu aurar da 'yata ta biyu nan da wata huɗu, kuma ta zaɓi a yi mata gado da sif da madubi farare. Na fi son kafinta ya auna ɗakin ya ƙera su daidai da shi, domin ɗakin ba shi da faɗi kuma na kanti ba za su zauna ba. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne kayan yayarta, waɗanda su ma farare aka yi su a wurin wani kafinta a nan Kano: kafin su cika shekara biyu farin ya koma ruwan ɗorawa, wasu jajayen tabo suka fito a fuskar gadon, fentin kuma ya tsage a duk inda katako biyu suka haɗu. Laifin katakon ne ko na fentin, kuma me zan gindaya wa kafinta a wannan karon?

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Tsagewar da ka gani a mahaɗa ba daga fenti ta fito ba, katakon ne aka yi aiki da shi bai gama bushewa ba. Yawancin katakon da ake saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa daga dazuzzukan kudu yake zuwa da danshinsa, idan kuwa hunturu ya kama, danshin iskar Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai allon ya tsuke. Katako ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi, shi ya sa inda aka haɗa na tsaye da na kwance nan ne fenti yake fara buɗe baki. A kan kaya masu launin ƙasa ido ba ya kama wannan tsaga, amma a kan fari tana fitowa kamar an ja layi da biro.

Saboda haka ka sa a sayi katakon tun yanzu, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakanin alluna domin iska ta ratsa, ya yi makonni kafin zarto ya taɓa shi. Jajayen tabon kuma ina zargin maɗaci ne. Katako ne mai ƙarfi da kyan gani, amma yana da ruwan launi a jikinsa wanda yake ratso farin fenti, kuma ni a ganina asara ce a sayi maɗaci da tsada sannan a binne kyansa. Loko ma yana da maiƙon da yake hana fenti kama shi sosai. Ga aikin fari, a yi ƙashin gadon da ƙafafuwa da busasshen katako mai ƙarfi, jikin sif a yi shi da filawud mai kaurin milimita 18, ƙofofin kuma da MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam a matse, domin ba shi da zanen katako ko ƙulli, fenti yana kwanciya a kansa sumul. Farin katakon nan mai sauƙin nauyi da ake kira obece yana karɓar fenti, sai dai ƙwaro da gara suna sonsa, kuma bai dace da wurin ɗaukar nauyi ba.

Mai Feshi:

Ba ni da abin da zan ƙara a kan bayanin Baba game da katako, sai dai zancen komawar fari ruwan ɗorawa, wanda shi kam a ɓangarenmu yake. Alhaji, idan ka je gidan babbar 'yarka ka buɗe sif ɗin ka kwatanta cikin ƙofar da wajenta. Idan cikin ya fi yin ɗorawa, to fentin mai aka shafa, irin wanda ake sirkawa da kananzir ko tina, domin man da ke cikinsa yana sauya launi da daɗewa, kuma a duhu ya fi saurin sauyawa. Haka nan idan aka bi farin da banish na mai don ya yi sheƙi, banish ɗin da kansa zai ɗora masa wannan launi. Fentin akirilik na ruwa ba ya yin haka, haka ma fentin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa kafin a fesa. Shi ne ya fi tauri da jure gogewa, amma tururinsa yana illa ga huhu ƙwarai, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare shi, don haka kada a yarda a fesa shi a cikin gida ko inda yara suke.

Amma ko wane fenti aka saya, rabin aikin yana ƙarƙashinsa. Ana goge katakon da sanfefa lamba 120, a bi da 180, a cike ramukan ƙusa da foti bayan an nutsar da kawunansu, domin ƙusar da aka bari a sama tsatsarta takan fito a kan fari. Daga nan sai shafin farko. Idan akwai maɗaci ko ƙulli a cikin aikin, shafin farko mai shalak, wato wani irin ƙaro da ake narkawa da sifirit, shi ne yake toshe ruwan launin. Na ruwa kuwa yakan jawo shi sama ne. Bakin MDF da aka yanka yana shan fenti kamar soso, sai an shafe shi sau biyu ko uku ana gogewa kafin ya yi laushi irin na fuskarsa. Bayan haka a fesa fari siriri-siriri sau biyu ko uku, ana bi da sanfefa lamba 320 a tsakani. Mai gaggawa ne yake zuba shi da kauri a tashi ɗaya, ya bar maka zubi a kusurwa. Tun da aikin zai faɗo cikin hunturu, ka tambayi kafintan inda zai yi feshin, domin wanda yake fesawa a bakin titi ƙura zai haɗa maka da fentin.

Maman Yara:

Alhaji, ina taya ku murna. Ni ba ma'aikaciya ba ce, amma shekara shida ke nan ina zaune da fararen kayan ɗaki. A gaya wa kafinta ya ɗaga sif ɗin a kan ƙafafuwan katako ko na ƙarfe, domin MDF idan ya sha ruwan goge ɗaki kumbura yake yi, kuma ba ya komawa yadda yake. Sannan a ja kunnen amarya a kan turaren wuta, domin hayaƙinsa yana dafe farin kaya a hankali. Gefen madubina da nake ajiye kasko ya fi sauran duhu ƙarara. Ni da zan sake zaɓe, mai matsakaicin sheƙi zan ɗauka, saboda mai ƙyalli sosai yana nuna sawun yatsa da kowace ƙwarzana.

Abban Amarya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na aika an duba, kuma cikin sif ɗin ya fi wajensa yin ɗorawa kamar yadda Malam ya faɗa. Saura tambaya ɗaya: kwana nawa ya kamata a bari tsakanin gama fenti da ranar jere?

Mai Feshi:

Fentin ruwa yakan bushe a hannu cikin awa ɗaya ko biyu, amma ba ya kai cikakken taurinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, mai haɗi biyu kuma kamar mako guda ya ishe shi. Ka ba kafintan ranar da ta riga jere da wata ɗaya, Alhaji, kuma ka nemi ya fara fesa maka guntun allo ka gani kafin ya taɓa kayan. Ranar ɗauka a naɗe su da bargo ko tsohon zane maimakon leda, domin leda tana manne wa fentin da bai gama tauri ba.