Neman Kalmar Hausa: Zafin da Ke Kwana da Kwanaki, da Hadarin da Ke Biyo Bayansa

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshen nan. Ina rubutu daga Samaru, kuma abin da na kawo gabanku shi ne abin da Turawa ke kira "heat wave", wanda na lura masu fassara labarai suna juyawa ta hanyoyi dabam-dabam: wani ya ce "igiyar zafi", wani ya ce "guguwar zafi", mafi yawa kuma su tsaya a kan "tsananin zafi". Na fara damuwa da batun ne ranar da na ji an karanta hasashen yanayi na wani yanki mai nisa da teku a Amurka, aka ce za a yi igiyar zafi a ƙarshen bazara tare da damar samun tsawa, sai wani dattijo da muke zaune tare ya tambaye ni ko igiyar ta wutar lantarki ce.

Kafin a raɗa suna, ya kamata a san jaririn. Abin da masana yanayi ke nufi shi ne zafi wanda ya zarce abin da aka saba gani a wani wuri, kuma ya jera kwanaki bai sassauta ba. A Ingila ana ƙidaya kwana 3 a jere, kuma ma'aunin nasu yana tsakanin digiri 25 zuwa 28 gwargwadon yanki, alhali mu a Zariya wannan ba abin da za a ɗauko mafici dominsa ba ne. Ke nan ba yawan digiri kaɗai ake dubawa ba, har da abin da jikin mutanen wurin ya saba da shi da kuma daɗewar abin. Sanadinsa shi ne iska mai nauyi da ke tsayawa a saman yanki, tana sauka ƙasa tana ƙara ɗumi, tana hana girgije haɗuwa, sai rana ta yi ta dukan ƙasa ba shamaki. Garuruwan da ke nesa da teku sun fi shan wahala, domin ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi kuma iskarsa tana sanyaya gaɓa, ita kuwa busasshiyar ƙasa nan da nan take gasuwa. Abin da ke ƙara masa kisa shi ne dare ya ƙi yin sanyi, jiki ya rasa lokacin hutawa. A watan Agusta na 2003 irin wannan zafi ya kashe mutane wajen 15,000 a Faransa, galibinsu tsofaffi, a watan Afrilu na 2024 kuma garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5.

Da wannan ma'auni nake ganin "igiyar zafi" ba ta karɓu ba, domin an ɗauko ta ne daga siffar igiyar ruwa ta teku, Bahaushe kuwa idan ya ji igiya, ta guga ko ta ɗaurin akuya ce ke fara zo masa. "Guguwar zafi" ta fi muni, saboda guguwa motsi ce da ƙura, shi kuwa wannan zafi alamarsa ita ce iska ta ɗauke cak, ko ganye ba ya kaɗawa. "Tsananin zafi" Hausa ce mai kyau, ba ni da ja da ita, sai dai ba ta ɗauke da ma'anar jerin kwanaki. Azahar guda ta watan Afrilu ma tsananin zafi ce.

Shawarata ita ce "markar zafi". Duk manomi a ƙasar Zazzau ya san marka, wato lokacin nan na tsakiyar damina, a watan Agusta, da ruwa ke kwana ya wuni yana zuba, katangar ƙasa ta jiƙe har ta zube, shanya ta ƙi bushewa. Abin da ke cikin kalmar shi ne nacewa da rashin tsagaitawa, kuma shi ne daidai abin da muka rasa a sauran fassarorin. Wani malami da na tuntuɓa ya yi mini gyara cewa marka ta ruwa ce, haɗa ta da zafi kamar haɗa wuta da ruwa ne. Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, amma ina ganin harshenmu ya saba da irin wannan aro, tun da muna cewa ruwan duwatsu da ambaliyar jama'a ba tare da kowa ya nemi laima ba. Na kuma gwada kalmar a kan mahaifiyata ba tare da na yi mata bayani ba, sai ta ce, "Wato zafin da ba ya ɗagawa ke nan."

Akwai kuma matsalar "ƙarshen bazara". Bazararmu tana kamawa ne daga Maris zuwa Mayu, ta ƙare da saukar ruwan shuka. Lokacin zafin Turai da Amurka kuwa daga Yuni ne zuwa farkon Satumba, saboda haka ƙarshensa yana faɗowa ne daidai lokacin da mu muke cikin marka ta ainihi. Ya fi dacewa mai fassara ya ce "ƙarshen lokacin zafinsu", sannan ya ambaci watan.

Ɓangaren hadari ba ya bukatar sabuwar kalma, domin a nan Hausa mawadaciya ce: muna da hadari, da cida, da tsawa, da walƙiya, da aradu, kuma muna cewa hadari ya haɗo, ya gangamo, ko ya baje. "Hadari mai tsawa" ya wadatar, muddin masu rubutu za su kiyaye bambancinsa da haɗari na mota, wanda ɗ ɗinsa mai lanƙwasa ce. Dangantakarsa da zafi kuwa mun san ta tun kafin zuwan ma'auni, domin idan aka wuni ana gumi a watan Mayu, manya kan ce wannan zafin na ruwa ne. Ƙasa mai zafi tana tura iska mai laima sama, ta yi sanyi ta zama girgije mai tsayi, da la'asar sai ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

Kalmar da nake roƙon a daina amfani da ita ita ce "dama". Dama abin alheri ce da ake nema, ba a cewa mutum ya sami damar aradu. Abin da hukumomin hasashe irin su NiMet ke nufi shi ne "yiwuwa", kuma idan an ce kashi 30 cikin 100, ma'anarsa ita ce a cikin ranaku 10 masu irin wannan yanayi ana sa ran ruwa ya sauka a wurin a guda 3.

Ga yadda nake so hasashen nan da ya ruɗa dattijon ya fito: "Za a shiga markar zafi daga Talata zuwa Juma'a a garuruwan da ke nesa da teku, kuma akwai yiwuwar hadari mai tsawa da yammacin Asabar, kashi 30 cikin 100." Ina so in ji daga mutanen Sakkwato da Katsina da Damagaram ko a wurinsu "malka" ake cewa, kuma ko akwai wata tsohuwar kalma da kakanninmu ke kiran irin wannan zafi da ita, domin idan akwai, ita ta fi cancanta a kan tawa.