Bayan mizajur rezo na nan cike, amma shafi ba ya buɗewa

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan shagon bugun takardu a unguwar Zariya, kwamfutar aikinmu Linux ke cikinta. Daren jiya na bar ta tana mizajur, wato sabunta tsarinta, da safe ta tashi lafiya lau, alamar wifi cike, amma ko shafi guda ba ya buɗewa. Wayata kuwa da wannan wifi ɗin take shiga WhatsApp. Yaron shago ya ce a goge komai a sake zubawa, ga takardun mutane a ciki. Mi kuka gani?

Wani daga Sabon Gari: Malam, cire wutar akwatin wifi ka maida. Sau da yawa shi ke nan.

Mai tambaya: Na yi, har sau nawa.

Ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: Yaya, kar ka goge komai tukuna. Buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ka sa `ping 8.8.8.8`, sannan `ping google.com`. Faɗa mana abin da kowanne ya ce.

Mai tambaya: Na farkon, layuka na ta zubowa. Na biyun ya ce: Échec temporaire dans la résolution du nom.

Mai gyara a bakin babbar kasuwa: To Alhaji, kwantar da hankalinka, intanet ɗinka lafiyarsa ƙalau. DNS ne ya tsaya, wato abin da ke juya sunan shafi ya koma lamba. Kamar wayar da sunayen cikinta suka goge ne: in ka san lamba da ka za ka kira, in suna kawai ka sani ka tsaya. Kwamfuta na duba wurin da za ta tambayi lambobin a cikin `/etc/resolv.conf`. Rubuta `ls -l /etc/resolv.conf` ka duba inda kibiyar ta nuna.

Mai tambaya: Ga kibiya nan, tana nuna `../run/resolvconf/resolv.conf`, kuma rubutun ja ne.

Mai gyara: Ja ɗin nan shi ne ciwon. Kibiyar na nuna wurin tsohon tsari, wanda mizajur ta cire ta kawo sabo mai suna systemd-resolved, don haka babu komai a inda take nunawa. Sa waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ka kula da kowane harafi:

`sudo ln -sf /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf /etc/resolv.conf`

`sudo systemctl restart systemd-resolved`

In ka buɗe takardar ka ga 127.0.0.53, kar ka ce kuskure ne, haka ya kamata ta kasance.

Wani daga Sabon Gari: Ni dai da 8.8.8.8, lambar DNS ta Google, zan rubuta a cikin takardar da hannu, a wuce wurin.

Mai gyara: Zai yi aiki yau. Amma takarda ce da na'urar ke sake rubutawa da kanta, kuran na ɗaukewa ta sake tashi sai ka tarar an share. Mu nan kuwa kun san yadda kuran yake da zafi. Mai son 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare ya sa shi a saitin wifi, wurin IPv4, can yake zama.

Ɗalibi: Ka duba agogonta ma, yaya. In ɗan batirin cikin kwamfuta ya mutu kwanan wata na komawa baya, shafuka su riƙa ƙin buɗewa ko da DNS ya gyaru.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, ya buɗe! Agogo daidai yake. Allah ya saka muku da alheri. Saura na'urar bugu, ita ma tun safe kwamfutar ba ta ganinta.

Mai gyara: Da waya ka haɗa ta ko ta wifi?