Me Za Mu Kira "Vehicle Routing" da Hausa?

1/ Wani ɗalibi ya turo min tambaya jiya: me ake ce wa "vehicle routing" da Hausa? Shi dai "zaɓen hanya" ya rubuta. Ni kam ban gamsu ba.

2/ Zaɓen hanya aikin Google Maps ne, ka tashi Kano za ka Katsina, ya nuna maka ta inda za ka bi. "Vehicle routing" kuwa daban. A 1959 wasu masu bincike biyu, George Dantzig da John Ramser, suka zauna lissafin yadda tankokin mai za su tashi daga defo ɗaya su raba fetur ga gidajen mai masu yawa ba tare da yawon banza ba. Wace tanka za ta ɗauki waɗanne gidaje, da wanne za ta fara, kuma kada a ɗora mata fiye da cikinta. Ko mota ɗaya ce da wurare goma kacal, jerin da za ta iya bi ya kai 3,628,800. Ashe matsalar ta jerin wuraren tsayawa ce.

3/ Kalmar kuwa tana gidanmu: zango. Fataken goro masu zuwa Gwanja, madugu ne ke yanke inda ayari zai yada zango da lokacin tashi. Don haka na ce "tsarin zangon jigila".

4/ Wani ya ce min zango wurin kwana ne, motar burodi kuwa minti biyar take yi a ƙofar shago. Gaskiyarsa. Amma ai mun daɗe da miƙe kalmar, ga zangon karatu nan, ba wanda ya kwana a cikinsa.

5/ Inda na fi shan wahala shi ne "stochastic", kalmar da ake haɗawa da "vehicle routing" in abubuwa kamar lokacin tafiya ba su tsaya wuri ɗaya ba. An ba ni "rashin tabbas", sai na ga ya yi faɗi, kamar mutum bai san komai ba. Alhali direba ya sani: hanyar da yake ci cikin minti ashirin da asuba, ranar kasuwa sai ta cinye awa. Ranar da za ta ɓaci ce ba ya iya rantsewa. Masu lissafi suna tattara tafiye-tafiyen baya, su auna yiwuwar jinkiri, su bar rarar lokaci. Wannan kirdado ne mai hujja. Sai mu ce "tsarin zango bisa kirdado".

6/ Lokacin da mota ke ɓatawa a wuri, jiran 'yan dako ko mai shago da ya tafi sallah, shi na kira "zaman zango". Sau da yawa shi ke rusa jadawalin yini, kowane jinkiri ya hau kan na gaba.

7/ Direbobi da 'yan kamasho, ku kuke da bakin tasha. In kuna da sunan da kuke kiran abin nan, naku zan ɗauka in ajiye nawa.