Kufai a faɗin duniya: wanne ya cancanci a yi masa tattaki?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na zaure. Shawara nake nema. Na jima ina tara guzurin tafiya guda ɗaya, kuma ni ba dogayen benaye ko manyan kantuna nake marmarin gani ba. Kufai nake so, garin da aka yi rayuwa a cikinsa sosai sannan aka wayi gari babu kowa. Wanda ya taɓa taka irin wurin da ƙafarsa, don Allah ya ba ni labari. Pripyat ce a raina tun farko.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye Pripyat a gefe tukuna. Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022 aka daina kai masu yawon buɗe ido yankin Chernobyl. Na san abin da ke jan ka. A da gari ne mai mutum kusan 49,000, tashar nukiliya ta Chernobyl da ke kusa da shi ta fashe ranar 26 ga Afrilun 1986, washegari aka jero motocin safa aka ce kowa ya ɗauki kayan kwana uku. Har yau ba su koma ba. Katafaren lilon nan mai zagayawa da ake nunawa a hotuna, ranar 1 ga Mayu aka shirya buɗe shi. Amma yanzu ba lokacinsa ba ne, ka nemi inda za ka je ka dawo lafiya.

Hajiya Mai Yawo: Ɗana, tafi Namibiya. Kolmanskop ake ce wa garin, kilomita goma da 'yan kai daga Lüderitz da ke bakin teku. Na je, kuma har yau idan na rufe ido ina ganin ɗakin nan mai shuɗin fenti.

A 1908 wani leburan layin dogo mai suna Zacharias Lewala yana kwashe yashi daga kan layi ya tsinci dutse mai ƙyalli, ya kai wa shugabansa Bajamushe. Ashe lu'ulu'u ne. Kafin ka ce kwabo Jamusawa sun kafa gari a tsakiyar hamada, da asibiti, da makaranta, da zauren rawa, har da masana'antar ƙanƙara, a wurin da ruwan sha ma sai an yi dakonsa daga nesa. Asibitin yana da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki tun zamanin da manyan birane da yawa ba su da ita, kuma ɗan jagoranmu ya ce ba don marasa lafiya kaɗai aka kawo ta ba, har da bincikar ma'aikacin da ake zargin ya haɗiye dutse. Da aka gano lu'ulu'u mafi girma can kudu wajen kogin Orange a 1928, sai mutane suka fara zarewa. Zuwa 1956 an gama watsewa.

Yanzu yashi ne mai gidan. Ya shigo ta taga, ya cika falo, a wasu ɗakunan sai ka sunkuya kafin ka wuce ta ƙofa don ya kai rabinta. Na ga bahon wanka a waje, rabinsa a binne. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidajen manya suna nan da benensu da barandarsu, amma dogayen ɗakunan da aka cusa leburori baƙaƙen fata suna can gefe, kuma yawancin masu ɗaukar hoto ba sa ko waiwayarsu. Idan ka je, ka leƙa su. Su suka yi rarrafe a yashin nan suna tsinto dukiyar.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri Hajiya. Kai tsaye ake shiga?

Hajiya Mai Yawo: A'a, sai da takardar izini, don wurin yana cikin yankin lu'ulu'u da aka killace. Ba wuya samunta. Da safe ake shiga.

Baffa Injiniya: Ni kuwa Moynaq zan ce, a Uzbekistan. Aiki ya kai ni Nukus, na ɗauki mota na yi tafiyar kamar awa uku don in gani da idona. A da Moynaq tashar masunta ce a bakin tekun Aral, wanda a da shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya. Tun daga shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga, ruwan da ke shiga ya kasa cike gurbin wanda rana ke ƙafarwa, teku ya yi ta ja da baya. Yau bakin ruwa ya yi wa garin nisan fiye da kilomita 100.

Za ka tsaya a kan tudu inda a da igiyar ruwa ke bugawa, ka hango jiragen kamun kifi a jere a ƙasa, sun yi tsatsa jawur, suna zaune a kan rairayi. Na sauka na ɗebi ƙasar a tafin hannuna, cike take da ƙananan ɓawon katantanwar ruwa. Jikina ya yi sanyi, domin wannan ba girgizar ƙasa ba ce, ba ambaliya ba, lissafin mutane ne a ofis, irin lissafin da ni ma nake yi a wurin aikina. Sannan ka sani, Moynaq ba kufai ba ce gaba ɗaya. Akwai mutane a ciki, suna shaƙar ƙurar gishiri da ragowar maganin feshi da iska ke kwasowa daga busasshen teku. Kada ka shiga garin kamar ka zo kallon gawa. Ka gaisa da mutane, ka kwana a masaukinsu.

Ɗaliba a Saifurus: Baffa, maganarka ta tuna mini da Varosha. Ina karatu kusa da ita, a Famagusta da ke tsibirin Saifurus. Unguwar otal-otal ce ta bakin teku, mazaunanta Girkawan tsibirin suka gudu a 1974 da sojojin Turkiyya suka matso, aka zagaye ta da waya shekara arba'in da wani abu. A Oktoban 2020 aka buɗe wani sashe. Ana ba da hayar keke, an ja igiya gefen titi, ba a yarda ka shiga gini ba. Itatuwa sun fasa rufi sun fito ta baranda, allunan shaguna suna nan da rubutun Girkanci. Ranar da na je na ga wata tsohuwa ta daɗe tsaye a gaban wani gida tana share hawaye, ban iya ɗaga wayata ba. Masu gidajen nan da yawa suna raye, kuma buɗewar ma ana ta jayayya a kanta har a Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abokin Tafiya: Ku ƙara da Hashima a Jafan, ɗan tsibirin haƙar kwal kusa da Nagasaki. Mutum 5,259 a 1959 a kan fili da bai kai hekta bakwai ba, aka rufe ma'adinin a 1974. Sai dai idan teku ta yi fushi jirgi ba ya tsayawa, zagayawa kawai za a yi da kai. Kuma an tilasta wa 'yan Koriya da 'yan Sin aiki a can lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Malam: Ina biye da ku, kuma ina so in sa baki. Ɗana, akwai Mada'in Salih kusa da Al-Ula a Saudiyya, kaburburan da aka sassaƙa a jikin duwatsu, fiye da ɗari. Wurin da ake kira Hijr ke nan. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bi ta nan a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda suka zalunci kansu sai suna masu kuka, ya rufe kansa ya hanzarta tafiya. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Na faɗa ne don yanzu ana tallata wurin sosai, kada mutum ya je bai san wannan ba.

Yaya Babba: Allah ya gafarta Malam, hukuncin ya shafi irin su Kolmanskop ke nan?

Malam: A'a. Hadisin yana magana ne a kan mutanen da aka halaka da azaba. Garin da arziki ya ƙare aka tashi, ko yaƙi ya kori mutanensa, daban ne, kuma Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata. Ladabin shiga nake jan hankali a kai. A Faransa akwai ƙauyen Oradour-sur-Glane, inda sojojin Jamus suka kashe fiye da mutum 640 ranar 10 ga Yunin 1944, mata da yara a cikin coci. An bar shi yadda yake, da ƙonannun motoci da kekunan ɗinki, kuma a ƙofa an rubuta a yi shiru. Su ma sun san ba wurin shewa ba ne.

Goggo: Ni Sawakin nake fatan gani kafin in mutu, a Sudan. Ta nan kakana ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Da duwatsun murjani na teku aka gina ta, da aka buɗe sabuwar tashar Port Sudan a farkon ƙarni na 20 sai aka juya mata baya, gine-ginen suka yi ta rugujewa. Yaƙin da aka fara a Afrilun 2023 ya sa ba zan ce kowa ya je yanzu ba. Allah ya zaunar da ƙasar lafiya.

Ɗan Auta: Amin Goggo. Na gode ƙwarai, Malam na ji kuma na riƙe. Zuciyata ta karkata ga Namibiya. Hajiya, wane wata ya fi, kuma me zan riƙa?

Hajiya Mai Yawo: Tsakanin Mayu da Satumba, lokacin sanyinsu ke nan, rana ba ta da zafi sosai. Ka isa ƙofa da sassafe kafin iska ta taso, don idan ta taso yashi har cikin haƙora. Rufaffen takalmi za ka sa, akwai ƙusoshi da fasassun gilasai a binne, kuma ka duba inda kake taka ƙafa a benaye, katakon ya tsufa. Ka riƙi ruwa, ka sa waya ko kyamara a leda. Kada ka ɗauko ko da tsakuwa ɗaya daga wurin, dokar yankin ba ta wasa da wannan.