"Alheri gadon barci": wane ne mai kwanciya a kai?

Kawun Magazin:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar Talata. Ɗan ƙanwata yana koyon kanikanci a hannuna a Suame Magazine, unguwar makanikai a nan Kumasi, shekara 3 ke nan. Wani direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ya kawo mota, ya biya sidi 150 a sa masa sabon takalmin birki. Yaron ya shiga tarkacen bayan shago ya ɗauko tsoho, ya wanke da fetur, ya goge, ya ɗaura, ya jefa kuɗin a aljihu. Da hannuna na kwance tayar na gani. Motar da ke kwasar mutane daga Kejetia zuwa Tafo safe da yamma! Na ce, kai da aka yi wa baftisma bara, kai ke kaɗa ganga a coci, ba ka tsoron Allah? Sai ya ce, "Kawu, mu ba a ƙarƙashin Shari'a muke ba, a ƙarƙashin alheri muke. Yesu ya biya duka. Ai Hausawa ma sun ce alheri gadon barci ne." Wai a bakin wani mai wa'azi ya ji a waya.

Birkin dai na sa ya canza a gabana. Amma amsa ta ƙi zuwa mini, domin ayar da ya jawo tana nan a Romawa 6:14. To haka ake amfani da wannan karin maganar? Kuma in an cece mu kyauta, zaman tsarkin na mene ne?

Alhaji na Alabar:
Kawu, sannu da haƙuri. Ni Musulmi ne, ba zan sa baki a littafinku ba, amma karin maganar tamu ce duka. Yaron ya kife ta. Alherin da ake nufi shi ne wanda KAI ka yi wa wani. Ka ciyar da baƙo yau, ka kwanta ba fargaba, wata rana kuma ka je garinsu ka tarar an yi maka shimfiɗa. 'Yar'uwarta ita ce "alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza". Iyayenmu da suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga da nan Kumasi da wannan suka rayu, don fatake ba su da gida a hanya sai alherin da suka shuka. Wanda ya cuci direba bai shimfiɗa komai ba, a kan me zai kwanta?

Malam Ticha:
Alhaji ya buga daidai, Allah ya saka. Bari in ƙara inda kalmar ta rikita yaron. Da aka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa (cikakkensa ya fito a 1932, Dokta Walter Miller na Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin), kalmar Helenanci da ke nufin tagomashin da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba, sai aka ce mata alheri. Zaɓi ne mai kyau. Amma a karin magana alherin daga hannunka yake fita, a wasiƙun Bulus kuwa hannunka yake shigowa. Kalma ɗaya, hanya biyu.

Sa'an nan Kawu, ka ce ya karanta aya ta gaba kawai. Romawa 6:15 ta yi tambayar da kanta: sai mu yi zunubi tun da ba a ƙarƙashin Shari'a muke ba? Bulus ya ce a'a, ko kusa. Ita ma aya ta 14 da ya jawo, rabinta ya ɗauko. Farkonta cewa ta yi zunubi ba zai mallake ku ba. Wato alheri ne dalilin da ya sa zunubi ya rasa sarauta a kanka. Yaron ya ɗauki takardar 'yanci ya kai wa tsohon ubangijinsa ya ce ga ni na dawo.

'Yar Asawase:
Iyayena, ku yi mini haƙuri, abin da yaron ya yi mummuna ne, ba na kare shi. Amma kada mu yar da gadon gaba ɗaya. Ni a cocin da na tashi, tsarki shi ne kada ki sa 'yan kunne, kada ki sa wando, kada gashinki ya leƙo daga ɗankwali. Ina 'yar shekara 14 wata dattijuwa ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta goge mini man leɓe da bakin zanenta a gaban kowa. Shekaru na yi ina kwanciya da tsoro, in na mutu cikin dare ban tuba daga wani abin da na manta ba, shi ke nan wuta. Ranar da na gane Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece ni, ba aikina ba ne, kyautar Allah ce, a ranar na yi barcin da ban taɓa yi ba. Yesu da bakinsa ya ce masu gajiya da nauyin kaya su zo ya hutar da su. Don haka ni a wurina alheri gadon barci ne, na kwanta a kai na ji daɗinsa. Ina tsoron a ce don yaro ɗaya ya ɓata, a sake ɗora mana kayan da aka sauke.

Maman Tabita:
'Yata, na ji ki, kuma ba wanda zai tashe ki daga gadon nan. Sai dai ki ƙara aya ɗaya a kan biyun da kika kawo. Ta 10 ta ce mu aikin hannunsa ne, an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ayyukan ba su ne ƙofar shiga ba, a cikin gida ake tarar da su.

Ni karin maganar da nake riƙe da ita daban ce: yaba kyauta tukwici. Gidanmu a Aboabo gida ne na haya, ɗaki 9, mu biyu ne kawai Kirista. Duk Babbar Sallah maƙwabciyata tana aiko 'yar autarta da naman layya a kwano, an rufe da faranti, an ɗaure da ɗan ƙyalle. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Mama ta ce a kawo miki." In juye naman, in wanke kwanon tas, in sa wa yarinyar sidi 2 ko 5 a hannu. To ku duba. Kuɗin nan ba kuɗin nama ba ne. Da zan aika wa uwar da kuɗi in ce ga farashin namanki, da na zage ta, zumunci ya mutu a ranar. Kuma tukwicin ba hannun mai kyautar yake zuwa ba, hannun 'yar aike yake zuwa. Haka nake ganin zamanmu da Allah. Ba abin da zan miƙa masa in ce na biya. Amma yana ta aiko mutane ƙofata, maƙwabci, mai ciniki, marar lafiya, direban trotro. A hannunsu ake sa tukwici. Wanda ya karɓi kyauta ya kori ɗan aike da duka, me ya faɗa wa mai kyautar?

Ɗan Bawku:
Mama, misalin ya yi daɗi, amma ina da ja. Tukwici abu ne kaɗan, sau ɗaya, ka ba da ka manta. In haka ne mutum ya jefa baiko ran Lahadi ya ce ya ba da tukwici, sauran kwana 6 nasa ne. Ni ina ganin maganar da ta fi dacewa ita ce "Allah ya ce tashi in taimake ka". Ka yi naka, Allah ya cika sauran. Yaƙub ma ya ce bangaskiya ba tare da aiki ba matacciya ce.

Malam Ticha:
Ɗan'uwa, jan da ka yi a kan tukwici yana da ƙarfi, na karɓa. Amma "tashi in taimake ka" ba aya ba ce, ko da yake da yawa suna zaton tana cikin Littafi. A noma da kasuwa gaskiya ce. A zancen ceto kuwa Afisawa 2 ta fara da cewa matattu muke cikin laifofinmu. Gawa za ka ce wa tashi in taimake ki? Wannan gardamar tsohuwa ce, kuma a Afirka aka yi ta. Wani mai suna Pelagius ya koyar cewa mutum na iya bin Allah da ƙarfin nufinsa, Augustine, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ƙi, taron bishop-bishop a Carthage a shekara ta 418 ya yi watsi da koyarwar. Jerin shi ne Allah ya tashe ka tukuna, sa'an nan ka yi tafiya. Bulus ya ce ya fi sauran manzanni aiki, nan take ya ƙara da cewa ba shi ba ne, alherin Allah ne da ke tare da shi. Wannan a 1 Korantiyawa 15:10 take. Alherin da ya sa mutum ya fi kowa aiki, yaya zai zama dalilin lalaci?

Ɗan Bawku:
To Malam, Ibraniyawa 12:14 fa, da ta ce in ba tare da tsarki ba babu wanda zai ga Ubangiji? Ni wannan ayar ba ta bar ni in ce aikin ado ne kawai ba.

Malam Ticha:
Ban ce ado ne ba. Numfashi ba shi ya haifi jariri ba, amma jaririn da ba ya numfashi ungozoma ba ta yin guɗa.

Ɗan Bawku:
Zan yi tunani a kai. Har yanzu ina ganin mun fi saurin ta'azantar da mutane fiye da gargaɗinsu.

Baba Dattijo na Sawaba:
'Ya'yana, na karanta duka. Idona ya yi rauni, jikata ce ke rubuta mini.

A rubutun boko gado biyu ne da harufa iri ɗaya. Akwai gado na kwanciya, akwai gado da ake jan "ga" ɗinsa, wanda uba ke bar wa ɗa. Yaronka, Kawu, na farkon ya gani. Ni na biyun nake so ya gani. Gado ba a sayensa, ba a yi masa ƙwadago, haihuwa ce ke ba da shi. Nan 'Yar Asawase ta yi gaskiya. Amma Bahaushe da ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa, ba gona da shanu kaɗai yake nufi ba. Hali yake nufi. A ga tafiyarka a ce wannan ɗan wane ne. In ɗa ya ci dukiya ya bar hali, sai ka ji tsofaffi sun girgiza kai sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bitrus da ya ce ku zama tsarkaka, dalilin da ya bayar ɗaya ne, domin wanda ya kira ku mai tsarki ne, kuma da "'ya'ya masu biyayya" ya kira su kafin ya faɗi haka. Sun riga sun zama 'ya'ya. Kama da uba ake nema.

Maganar nan daga Littafin Firistoci ya ɗauko ta, tana nan a sura 19 aya 2. Ku buɗe surar ku ga me ya biyo baya. In ka yi girbi kada ka share gonar kakaf, ka bar wa matalauci da baƙo kala. Kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka. Kada ka zagi kurma, kada ka sa wa makaho abin tuntuɓe. Ma'auninka da mudunka su zama na gaskiya. Ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. 'Yata ta Asawase, ban ga man leɓe a wurin ba.

Shekara 30 na yi ina sayar da masara da wake. Na san olonka, wato gwangwanin awo, da aka bubbuga gindinta ta shige ciki, daga waje cikakkiya, a ciki ta rage tafin hannu guda. Na san mai sayarwar da ke rera waƙar coci tana awo da ita. Na kuma ga yarinya 'yar kayaye, wato 'yar dako, ta ɗauko buhu a ka daga cikin kasuwa har tasha, gumi na zuba, mai kayan ta ce ba canji, ki dawo gobe, alhali da kuɗin nan za ta sayi koko da ƙosai ta biya wurin kwana. A nan zango, maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga cocinmu su ji wa'azi. Olonkarmu suke karantawa, da birkin da muka ɗaura. Yesu ya ce haskenku ya haskaka a gaban mutane su ga ayyukanku su ɗaukaka Ubanku. Sunan Uban ne a goshin yaron nan lokacin da yake wanke tsohon ƙarfe da fetur.

'Yar Asawase:
Baba, na gode. Ban taɓa karanta surar nan har ƙarshe ba. Wannan tsarkin ba ya ba ni tsoro, kunya yake ba ni, don akwai telar da nake riƙe da kuɗinta wata 2.

Maman Tabita:
Ɗan Bawku, na yarda tukwici ya yi kaɗan. Na Baba ya fi nawa faɗi. Amma ina nan a kan cewa hannun ɗan aike ake sawa.

Kawun Magazin:
Allah ya saka muku duka. Jiya da muka rufe shago na zaunar da shi a kan benci, na ba shi wayata ya karanta maganganunku da kansa. Bai ce komai ba sai da ya zo kan maganar Alhaji, ya ce, "Ashe har Alhaji ya ji." Na ce ai Alhaji ne ya fara amsawa. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ban ce ya tuba ba, zuciya Allah ke gani, kuma har yanzu yana cewa mai wa'azin nan ba haka yake nufi ba. Abin da ya fi damuna shi ne ya faɗa mini ba wannan ce mota ta farko ba, akwai wata tasi a watan jiya, bai san sunan mai ita ba sai launinta da rubutun bayan gilashi. Gobe da sassafe za mu je tashar da yake zaton tana lodi mu nema. Baba Dattijo, in ƙafarka ta yarda, zan kawo shi gida ran Asabar bayan la'asar.

Alhaji na Alabar:
Kawu, turo mini rubutun bayan gilashin. Ƙanena yana harkar tasi a Asawase, zai tambaya a cikin direbobi yau da dare.