Neman kalma: me za mu kira "troubleshooting" a shirin ƙaramar tarakta?

Mai shirin noma, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan ɗauki shirin rediyo kan ƙananan taraktocin da manoman shinkafa ke aiki da su a fadama, tunda noman rani ya ƙarato. Kan maganar da aka rubuto min shi ne troubleshooting. Na sa "gyara", na goge, don abin da ake nufi yana zuwa ne kafin a ɗauki sifana. An murɗa makulli, inji bai tashi ba sai ƙas-ƙas. Sai a fara da kan batir, ko ya saki ko ya tara farin gari, a auna shi, cikakke yana ba da bolt 12.6, kana a wuce ga kik, wato abin da ke murza inji ya tashi. Wannan bi-da-bi nake nema wa suna.

Malamar firamare, Jega: Wa alaikumus salam. Gano matsala. Gajere ne, kowa zai gane.

Mai shirin noma: Na gode Malama, amma ganowa ƙarshen aikin ce. Ni hanyar nake so.

Bakanike, Argungu: Mu dai gareji "dubawa" muka cewa. Amma dubawa kala-kala ta. Satin da yaw wuce an jawo mani wata da tam mutu tsakiyar gona. Wani ya riga ya kwance nozil, mai feshin gas cikin inji, ya sa mai ita ya sayi sabo da kuɗin takinai. Ashe gas ne yaƙ ƙare, iska ta shiga layin mai. Na sassauta notin kan filta, na yi ta famfo har kumfa ya daina hita sai mai zalla, na ɗaure. Bugu guda ta tashi. To wancan ma ai dubawa yay yi. Ku samo kalma wadda za ta hana mutum tsallake mai sauƙi ya faɗa ma mai tsada.

Malamin gona, Suru: Bin sawu. Yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓata, ba ya tsallake taku. Bin sawun matsala.

Tsohon malamin Hausa, Yauri: An zo kusa, amma kalma uku ta yi yawa, kuma "matsala" aro ce daga Larabci. Harshenmu na da hanyarsa: sabo, sabunta, baƙo, baƙunta. Don haka sawu, sawunta. A sawunta inji, sawuntawa, mai yi kuma masawunci. Ita ma "tarakta" ku bar ta, muna da tantan.

Malamar firamare: Baba, da girmanka, a rubuce "sawunta" ai sawun mace ne ko na saniya. A rediyo kuma manomi zai ji "sabunta", ya ɗauka cewa aka yi ya sayi sabon inji.

Tsohon malamin Hausa: 'Yata, karin sauti zai raba su. Duk sabuwar kalma baƙuwa ce a ranar farko. Na shekara talatin a aji ina kallon yara na cewa altaneta ga abin da ke ba batir caji, da fambel ga bel ɗin da ke juya ta, babu wanda abin ya dama. Haka harshe ke zubewa.

Ɗalibi, Gusau: Me zai hana a tambayi masana na Jami'ar Bayero? Su ke da cibiyar nazarin harsuna.

Malamin gona: Sai Kano ta sa hannu kafin Bakabe ya kira abin da ke gonarsa? Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan Sakkwato. Daidaitacciyar Hausa ta ɗauki karin Kano, mun yarda, amma shinkafar a nan take.

Ɗalibi: Ban raina kowa ba Yaya, shawara ce.

Bakanike: Baba, fambel ba ya zubar da harshe. In batir na saukewa kullum, nikan ce ma yaro shi tada inji shi auna batir. In ya ga wajen bolt 14, caji na shiga. In bai wuce 12 da 'yan kai ba, shi taɓa fambel tukuna ko ya yi sako-sako, kahin a zargi altaneta. Haka hayaƙi: baƙi, a fara da filtar iska, ƙurar hunturu na toshe ta, shuɗi, inji na cin baƙin mai, fari, a duba ko ruwa ya shiga gas. In na canza ma waɗanga suna, mai shagon kaya ba ya gane abin da aka aiko a saya. Ku ka rubutu, mu ka ƙarƙashin inji.

Tsohon malamin Hausa: Ban ƙi sana'arka ba, ɗana. Amma wani ne ya fara cewa "jirgin sama", aka bi shi.

Mai shirin noma: Allah ya saka wa kowa. Lokaci ya ƙure min, ga abin da na tsayar: sunan shirin "Bin sawun matsalar inji", a cikin hira kuma in riƙa cewa "a duba daki-daki". Sunayen kaya zan bar su yadda ake kiransu a gareji. Tantan da tarakta zan faɗi duka biyun a farko. Oga, labarin nozil ɗin nan zan buɗe da shi in ka amince.

Bakanike: Na amince. Ka ƙara da cewa kar a bari tanki shi ƙare ƙaf.

Tsohon malamin Hausa: Na bari saboda Alhamis, ba don na gamsu ba. Ko "cikas" ka sa a madadin "matsala", da ya fi.

Mai shirin noma: Zan gwada shi a baki gobe, Baba, in ji wanda ya fi zama.