Neman kalma: kayan kamun kifin bass guda uku, kafin ranar Alhamis

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar wani shiri na minti 25 da aka yi a Amurka, kan yadda sabon shiga zai zaɓi kayan kamun kifin da suke kira bass, na tafki da kogi. Ranar Alhamis za a ɗauki murya. Kalmomi uku sun hana ni sakat: rod, reel da lure. A wurinmu "fatsa" ta haɗe komai, su kuwa kowane ɓangare sai da suka ware masa minti biyar ko fiye. In na yi ta cewa fatsa, mai sauraro ba zai san wanne ake nufi ba. A taimaka don Allah.

Jikan Masunta: Wa alaikumus salam Malama. Ta farko ba ta buƙatar taro: sandar fatsa.

Tsohon Malami: Sanda ba ta lanƙwasuwa, wannan abu kuwa duk amfaninsa a lanƙwasuwa yake. Tsumagiya ta fi dacewa.

Jikan Masunta: Baba, duk wanda ya ji tsumagiya duka zai tuna. A bar ta a sanda.

Mai Fassara: Na karɓi sandar fatsa. Amma akwai siffofi biyu da mai gabatarwar yake ta nanatawa, ɗaya ƙarfi, ɗayar kuma yana cewa sanda "mai sauri". Saurin me sanda take yi?

Ɗan Injiniya: Kada ki fassara shi da sauri, Malama, zai ɓatar da mutane. Abu biyu ne daban. Ƙarfi shi ne yawan nauyin da sandar za ta ɗauka kafin ta ranƙwafa. Na biyun kuwa wurin da take lanƙwasawa ake nufi. Wadda suke kira mai sauri daga can kanta kawai take lanƙwasa, sauran jikinta a miƙe, shi ya sa in kifi ya ɗauka aka fizga, ƙugiya take shiga nan take. Wadda suke kira mai jinkiri tun daga kusa da mariƙi take yin baka. Sai ki ce "mai lanƙwasa daga kai" da "mai lanƙwasa da dukkan jiki". Abin da aka saba ba sabon shiga shawara shi ne sanda mai tsawon ƙafa 6 da rabi zuwa 7, wato wajen mita 2, mai ƙarfi sama da matsakaici kaɗan, mai lanƙwasa daga kai, domin ita ke yin aiki iri-iri.

Mai Fassara: Daidai abin da ya faɗa ke nan. Allah ya saka da alheri. Saura na biyu, reel, wato abin da ke naɗe zaren fatsa.

Tsohon Malami: Wannan kam harshe ya riga ya tanadar mana ƙirarsa. Buɗe, mabuɗi. Rufe, marufi. Girbe, magirbi. Naɗe, manaɗi. Jam'i manaɗai. Ba aro, ba kwana-kwana. Rubuta manaɗi, 'yata, ki wuce gaba.

Tela: Ni dai da na ga hoton abin, keken ɗinki ya faɗo mini a rai. Ga hannun juyawa, ga wurin da zare yake naɗuwa, wanda mu kwarkwaro muke ce masa. Me zai hana a ce keken fatsa? Cikinsa kuma kwarkwaro. Ko yaro ya ji zai gane.

Ɗan Injiniya: Maganar Tela ta warware wata matsala da ke gaba. Iri biyu ne manya, kuma bambancinsu a kwarkwaro yake. Na farko a ƙarƙashin sanda yake rataye, kwarkwaronsa ba ya juyawa in an yi jifa, zaren ne yake warwarowa da kansa. Shi ya fi sauƙin koyo, ya kuma fi dacewa da siririn zare da ƙoto mara nauyi. Na biyu a saman sanda yake zama, kwarkwaronsa yana juyawa lokacin jifa, sai mutum ya riƙa tare shi da babban yatsa. In kwarkwaro ya fi zaren gudu sai zaren ya cukurkuɗe, abin da Amurkawa ke kira sheƙar tsuntsu. Amma shi ya fi saiti da ɗaukar ƙoto mai nauyi. Kin ga sai ki ce keke na ƙasa da keke na sama.

Lambar da ake rubutawa a jikinsa, kamar 6.4:1, ma'anarta in ka juya hannu sau ɗaya zare zai naɗu a kwarkwaro sau 6.4. Akwai kuma abin da ke sakin zare kaɗan-kaɗan in kifi ya ja da ƙarfi don kada ya tsinke. Wannan burki zan ce masa.

Tsohon Malami: Keke, burki. Nan gaba sai ku ce giya da sitiyari. Yanzu kamun kifi muke fassarawa ko garejin makanike muka buɗe? Keke ma ai ba tamu ba ce, daga Yarabanci ta shigo. Ga kalma 'yar gida na ba ku, kun tsallake ta kun tafi aro. Haka muke yi kullum, sai an wayi gari jikokinmu ba su san ana iya ƙera kalma da Hausa ba. Shekara talatin ina koyar da wannan ƙira ta ma-, ina ganin yadda yara ke murna in suka gane cewa da ita aka yi madubi da mataki da makami. Ba na son ta zama kayan tarihi.

Ɗalibar Harshe: Baba, da girmamawa. Allura da littafi daga Larabci suka zo, ba wanda yake ce musu baƙi yau. Kalma in ta kwana a bakin mutane ta zama 'yar gida. Manaɗi ginin kirki ne, ban musa ba, amma yana da faɗi da yawa. Abin naɗe wayar lantarki manaɗi ne, abin naɗe tabarma ma manaɗi ne. Dole sai an ce manaɗin fatsa, kuma ko an faɗi hakan ba ya nuna cewa abin yana da hannu da haƙora a ciki. Keke yana nuna wannan.

Tsohon Malami: To keken ba sai an ce na fatsa ba? Shi ma ai yana da faɗi, na hawa, na ɗinki, na guragu.

Ɗalibar Harshe: Haka ne, a nan kun yi gaskiya.

Jikan Masunta: Ni abin da ke damuna daban ne. Duk lokacin da aka zo maganar kalma, sai 'yan boko su zauna su ƙirƙira, ba wanda yake zuwa bakin ruwa ya tambayi masu sana'ar. Koma, taru, homa, mamari, duk masunta suka raɗa musu suna, ba kwamiti. In wannan abu ya shiga hannun masunta, su za su ba shi suna, kuma wanda suka ba shi ne zai zauna, ko ƙamus ya so ko ya ƙi.

Tsohon Malami: Ba wanda ya raina masunta, ɗana. Amma ba a ce ilimin harshe laifi ne ba. Likita ba ya jiran mara lafiya ya raɗa wa magani suna.

Jikan Masunta: Masunci ba mara lafiya ba ne a nan, Baba. Shi ne likitan.

Mai Fassara: Don Allah iyayena da 'yan'uwana, kwana biyu ya rage mini. A dawo kan na uku, lure, shi ya fi wuya. Na rubuta ƙoto sai na ga bai cika ba.

Ɗan Injiniya: Bai cika ba kam. Ƙoto abin ci ne, tana ko ƙaramin kifi. Wannan kuwa ba a cin sa, katako ne ko roba ko ƙarfe da aka yi wa siffar abin da kifin yake farauta, kuma mai fatsa ne yake ba shi rai da motsin hannunsa. Bass mafarauci ne, kwanton ɓauna yake yi a cikin ciyawa, gindin kututture ko inuwar dutse. Yana gani, yana kuma jin girgizar ruwa ta wani layi da ke gefen jikinsa. Lauri Rapala, wani masunci a ƙasar Finland, abin da ya lura da shi ke nan, cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari, wanda iyonsa ke tangaɗi. A 1936 ya sassaƙa na farko da toton kwalaba, ya lulluɓe shi da takardar ƙyalli. Har yau akwai kamfani mai sunansa. Tanar roba kuwa Nick Creme ne ya fito da ita a jihar Ohayo a 1949, kuma har gobe tana cikin waɗanda suka fi kama wannan kifi.

Tela: Ƙoton roba.

Ɗan Injiniya: Na katako da na ƙarfe fa?

Jikan Masunta: Ƙoton bogi, ko jabun ƙoto.

Ɗalibar Harshe: Jabu da bogi suna nuna kaya mara kyau, kamar an cuci mai saye. Mai sauraro zai ɗauka gargaɗi ake yi masa kada ya saya.

Tsohon Malami: Kun gani? Duk kun kewaya kun dawo inda nake. Aikin abin nan ruɗi ne. Ruɗa, maruɗi, jam'i maruɗai. Kalma ɗaya, ta ɗauki katako da roba da ƙarfe gaba ɗaya. Kada wani ya ce mini za a ɗauka mutum ake nufi. Sunan mai aikatawa muryarsa sauka take a tsakiya, jam'insa maruɗa. Sunan kayan aiki duk a sama yake tafiya kamar mabuɗi. Shirin nan da murya za a yi shi, kunne zai rarrabe.

Ɗalibar Harshe: A nahawu babu abin cewa, Baba. Tsorona shi ne kunne yana rarrabe kalmar da ya sani ne. Wanda bai taɓa jin maruɗi na kayan aiki ba, in aka ce "ka ɗaura maruɗi a bakin zare", zai tsaya tunani, kafin ya dawo jimla biyu sun wuce shi. Ni zan ce ƙoton yaudara. Ƙoto ya nuna wurin da ake sa shi, yaudara ta nuna ba na ci ba ne.

Tsohon Malami: Kalma biyu a wurin ɗaya. Kuma ke da kanki kin yarda ba ƙoto ba ne.

Mai Fassara: Bari in faɗi inda matsalar take a aikace. Mutumin ya lissafa iri biyar a jere, kowane da lokacinsa. Ga yadda na gwada. Mai leɓe, wanda yake nutsewa in an ja shi, leɓen in ya yi tsawo ya fi nitso, shi ne na laluben wuri mai faɗi. Mai farfela, wanda ke da ƙananan faifan ƙarfe masu juyawa suna walƙiya, na ruwa mai gurɓata ko ranar iska. Mai kan darma da tuntu, wanda ake saukarwa ƙasa kusa da itace ana ɗan ɗaga shi. Tanar roba, wadda ake cusa bakin ƙugiya cikin jikinta don kada ta maƙale a ciyawa, ɗaurin da suke kira na Tekzas. Sai kwaɗon roba da ake ja a saman ruwa da sassafe ko da yamma. Da na karanta da ƙarfi sai na ga sunan gaba ɗaya sau uku kacal nake buƙatarsa.

Jikan Masunta: Mai leɓe da mai farfela sun yi, Malama. Irin sunan da za a ji a bakin ruwa ke nan.

Tsohon Malami: Farfela kuma. Majuyi yana nan.

Tela: Ba wanda ya yi maganar sunan kifin. In kika ce "kamun bas" za a ɗauka motar haya ce. Me zai hana giwan ruwan Amurka?

Ɗan Injiniya: A'a, wannan kuskure ne a ilmance. Ba danginsu ɗaya ba, kuma giwan ruwa yana iya haura kilo 100. Mafi girman bass mai babban baki da aka rubuta a tarihi kilo 10 ne da ɗan ɗori, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, sai wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya kama wani mai irin nauyinsa a tafkin Biwa a 2009. In kika kira shi giwa, duk bayanin siririn zare da sanda mai laushi zai zama shirme a kunnen wanda ya san giwan ruwa. Ki ce kifin bas, kada ki taɓa yar da kalmar kifi. A farko ki ƙara da "mai babban baki", domin muƙamuƙinsa na sama yana wuce bayan idonsa, da haka ake bambanta shi da ɗan'uwansa mai ƙaramin baki.

Mai Fassara: To ga abin da zan shiga da shi. Sandar fatsa. Keken fatsa, na sama da na ƙasa, da kwarkwaro da burki. Kifin bas. Na ukun zan ce ƙoton yaudara, amma a karon farko zan ce "ƙoton yaudara, wato maruɗi", in ga ko masu sauraro za su ɗauka. Manaɗi kuwa ku yi haƙuri Baba, bai samu shiga ba a wannan karon.

Tsohon Malami: Ban gamsu ba, 'yata, kuma ba zan ɓoye ba. Kamata ya yi maruɗi ya zo gaba, ƙoton yaudara ya biyo a matsayin bayani. Amma aikinki ne. In za a faɗe shi sau ɗaya, a gaya wa mai karantawa ya ɗaga muryar duka, kada ya mayar mini da shi mutum.

Jikan Masunta: Ni har yanzu a ganina ƙoto kawai za a riƙa cewa.

Mai Fassara: Zan gaya masa, Baba. Saura zare. Iri uku ne: mai talewa da ke yawo a saman ruwa, mai nutsewa da kifi ba ya ganinsa sosai, da wanda aka kitsa da ba ya talewa ko kaɗan. Na ukun na sa "kitsattsen zare". Na biyun ne ban samu ba, wa ke da shawara kafin gobe da azahar?